Robar motata ta koɗe ta koma toka-toka: wuta, rini ko fenti?

Mai Golf: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da Golf 3 ƙirar 1996. Inji lafiya lau, fentin jiki ma da sauransa, amma bamba gaba da baya, da layin robar da ya bi ƙofofi, da gidan madubi, duk sun koɗe sun koma kalar toka. Idan an wanke ta tana jiƙe sai su yi baƙi wuluk, da ta bushe sai farin ya dawo. Masu wanki suna shafa min man taya, ta yi sheƙi a ranar, kafin mako ya zagayo ƙura ta manne, ruwan sama kuma ya ja man ya yi layi-layi a jikin fenti. Don Allah me zan yi da zai daɗe?

Ɗan Direba: Wa alaikumus salam. Yallaɓai kada ka wahalar da kanka. Baƙin mai, wanda aka juye daga inji, ka dangwala a tsumma ka goga. Ni shi nake yi, kuma ba a taɓa cewa motata ta tsufa ba.

Kawu Bakanike: Kai yaro, ba a faɗa maka ba ne don ana jin nauyinka. Baƙin mai datti ne da garin ƙarfe a ciki, ga ƙauri, ga shi duk wanda ya jingina da motar sai ya tashi da tambari a riga. Mafi muni, idan ya taɓa robar bakin ƙofa da ta gilashi, a hankali zai sa ta kumbura ta yi laushi, don irin wannan robar ba ta shiri da man fetur da danginsa. Kuma tun kafin wani ya kawo maganar man birki, ina roƙo kada a fara. Ɗigo ɗaya ya zauna a kan fenti, zai ci shi.

Ɗan Direba: To Kawu, na ji. Amma dai yana baƙi.

Oga Fenti: Ruwa ma yana baƙi ai, ba ka ji abin da mai motar ya ce ba? Alhaji, maganinka wuta ne. Na'urar hura zafi, irin wadda muke ɗaga tsohon fenti da sitika da ita. Ka wanke bambar ta bushe, ka riƙe na'urar da tazarar kamar tafin hannu, kana tafiya da ita a hankali ba tsayawa. Da idonka za ka ga baƙin yana bin bayan zafin. Zafi ne ke jawo man da ke cikin robar ya taso sama. Babu abin shafawa, babu abin da ruwa zai wanke.

Malamin Kimiyya: Oga Fenti, abin da idonka ya gani gaskiya ne, amma dalilin da ka bayar akwai gyara. Bari in ɗan yi bayani, a yi min haƙuri idan na ja.

Yawancin baƙar robar waje ta mota, musamman bamba da ta saman taya, ana yin ta ne da wani abu da ake kira folifurofilin, a taƙaice PP, galibi a gauraya shi da robar EPDM don kada ya fashe idan an buge shi. Ba tsohon abu ba ne sosai: wani masanin kimiyya mai suna Giulio Natta ne ya samar da irin da ake amfani da shi a 1954 a Italiya, aka fara ƙera shi don kasuwa a 1957. Shi a karan kansa ba baƙi ba ne. Baƙin garin kabon ake zuba masa tun yana narke, da magungunan kare shi daga rana, wani lokaci da farar hodar talk don ya yi ƙarfi.

Hasken rana yana ɗauke da wani ɓangare da ido ba ya gani, wanda ake kira UV. Shi da iskar da muke shaƙa su ne ke haɗuwa su riƙa tsinka zaren da ya saƙa robar, a fatar sama kawai. Shekara da shekaru magungunan kariyar suna ƙarewa, fatar ta yi 'yan tsage-tsage ƙanana da ba a gani, ta yi gari-gari. Wuri mai kaushi irin wannan yana watsa haske ta ko'ina, shi ya sa ido ke ganinsa fari. Baƙin yana nan a ƙasa, bai je ko'ina ba. Ruwa, man taya, baƙin man Ɗan Direba, duk aiki ɗaya suke yi: suna cike 'yan ramukan nan, hasken ya daina watsewa. Bambancinsu kawai wa ya fi daɗewa kafin ya gudu.

Ita kuwa wuta narkar da fatar saman take yi, tsagen ya haɗe, wurin ya koma sumul. PP yana narkewa ne a wajen digiri 160 zuwa 165 na ma'aunin Salshiyos, na'urar hura zafi kuma da yawa suna kai digiri 500 har sama. Ka ga tazarar kuskure kaɗan ce. Sannan wutar ba ta mayar da maganin ranar da ya ƙare ba. Sabuwar fatar tsirara take, za ta sake koɗewa, kuma duk maimaici yana ƙara wa robar gautsi.

Oga Fenti: Malam, mu ba mu shiga ɗakin gwaje-gwaje ba, amma mun riƙe na'urar nan har hannu ya yi kanta. Ko narkewa ce ko tasowar mai ce, mota dai tana fita da baƙar bamba, mai ita yana murmushi.

Hajiya Mai CR-V: Oga, ni ban yi murmushi ba. Tawa CR-V ce ta farkon fitowa, kun san yadda aka lafta mata roba ta ko'ina. Wani gareji suka yi min wannan aikin wutar. Ranar da na karɓa ba laifi. Bayan 'yan watanni sai ta fito da zane-zane, nan baƙi nan toka, sawun duk inda hannun yaron ya bi. A kusurwa ɗaya ma 'yan ƙurajen jikin robar sun baje, wurin ya yi santsi yana ƙyalli daban da sauran. Wannan kam ba abin da ya gyara shi har yau. Da ma koɗaɗɗiyar aka bar min, ta fi kyan gani, don ita aƙalla kala ɗaya ce.

Oga Fenti: Hajiya, ki ce yaro ne ya yi miki. Ba laifin wuta ba ne, laifin hannu ne. Ana bin layi ne kowane ya hau kan rabin na baya, kuma ba a komawa inda aka wuce sai ya huce.

Kawu Bakanike: Idan aiki sai gwanin gwanaye ne kaɗai zai iya shi ba tare da ɓarna ba, to ba shi za a ba mai tambaya ya je ya yi a ƙofar gidansa ba.

Mai Goge Mota: Sallama. Wannan sana'ata ce, bari in sa baki. Kafin a yi gardamar me za a shafa, Alhaji Mai Golf ya riga ya ba mu amsa a tambayarsa bai sani ba. Ya ce idan ta jiƙe tana baƙi. Wannan shi ne gwajin da nake fara yi wa kowace mota: in jiƙa yatsa in shafa. Idan wurin ya yi baƙi sosai, robar ba ta mutu ba, abin shafawa marar kala ya ishe ta. Idan ko a jiƙe tana nan toka-toka, to sai mai rini a ciki, ko fenti. Idan kuma ka kankara da farce gari yana zubowa, ko ta fara tsagewa, a nan kam a fara tunanin canzawa.

Amma abin da mutane ke tsallakewa shi ne wanki, kuma shi ne rabin aikin har da ɗoriya. Motar da aka yi shekaru ana lafta wa man taya, ramukan robar cike suke da silikon da ƙura. Duk abin da ka ɗora a kai, a kan datti ya zauna. Ka samu sabulun wanke maiƙo, ka sirka shi, ka sa burushi mai ɗan tauri, tsohon burushin haƙori ma yana shiga lungu. Ka dirje, za ka ga kumfar tana fitowa ruwan ƙasa. Ka ɗauraye, ka sake, har kumfar ta fito fara. A bar ta ta bushe ƙarau, don ruwa yana ɓuya a cikin ƙurajen da bakin layi, sai ka fara shafa magani ya gangaro ya ɓata maka aiki. Daga nan ka goge da sifirit irin na IPA, wato isopropyl alcohol, a farin tsumma. Idan tsumman ya fito da datti, ba ka gama ba.

Kuma ka duba da kyau, wani farin ba na rana ba ne. Folish ne da aka goga wa fenti ya taɓa robar ya bushe a ciki. Za ka gane shi don a bakin layi yake, inda roba ta haɗu da ƙarfe. Shi ko abin goge fensir na 'yan makaranta yana fitar da shi.

Mai Golf: Allah ya saka da alheri. To bayan wankin, wane irin magani? Na leƙa intanet sunaye sun yi min yawa.

Mai Goge Mota: Sunayen ne da yawa, amma gida uku ne. Akwai na shafawa lokaci-lokaci, irin su 303 ko Back to Black na Mothers. Suna da sauƙi, ba sa ɓata komai, sai dai makonni suke yi, sai ka sake. Akwai masu rini, irin Solution Finish ko Forever Black, su baƙin ne a cikinsu yake shiga ramukan. Sai kuma na siramik, irin Gtechniq C4 ko ƙyallayen Cerakote, su ba su da kala, suna bushewa ne su zama siririyar fata mai tauri a kan robar. Waɗannan na ƙarshe su suka fi daɗewa idan wankin ya yi kyau, amma kada ka ɗauki alkawarin jikin kwali kamar yankan wuƙa. Motar da ke kwana a rumfa da wadda ke wuni a rana ba za su ba ka lokaci ɗaya ba.

Yadda ake shafawa kuma: a inuwa, robar da sanyinta. Ka manna salatif na takarda a bakin fenti da gilashi. Ka sa safar hannu, musamman da mai rini, don idan ya shiga gefen farce sai ya ga dama zai fita. Ɗan kaɗan a soso, ka bi sashe-sashe, ka ba shi 'yan mintunan da aka rubuta, sannan ka share ragowar da busasshen tawul. Wannan sharewar ita ce sirrin. Abin da robar ba ta sha ba, idan ka bar shi, shi ne zai bushe ya yi dabbare-dabbare. Kuma kada ruwa ya taɓa ta sai washegari aƙalla.

Hajiya Mai CR-V: Tambaya, ɗan'uwa. Tawa mai zane-zanen fa? Siramik zai rufe?

Mai Goge Mota: A'a Hajiya, marar kala ba ya rufe bambancin kala, wani lokaci ma ƙara fito da shi yake. Mai rini za ki nema, ƙila shafi biyu. Sai dai ki fara duba bayan robar ko wani lungu da rana ba ta kaiwa, ki ga asalin kalarta. Wasu motocin tun daga kamfani robarsu toka mai duhu ce, ba baƙa ba. Idan kika sa baƙin rini, to sai kin bi ta duka, in ba haka ba za ta fito kala biyu.

Baban Ikram: Ni fa ban ga wanda ya ambaci man linsid ba, dafaffen, wanda kafintoci ke shafa wa katako. Ana sirka shi da ɗan tina a shafa siriri. Ba kamar sauran mai ba ne, shi bushewa yake ya kama. Na ga ya yi watanni a motar wani abokina.

Malamin Kimiyya: Gaskiya ne Baban Ikram, yana daga cikin man da ke shan iska ya daskare, shi ya sa ya fi man taya zama. Matsalarsa biyu. Idan ya yi kauri yana daɗewa yana danƙo, ƙura ta manne, daga baya ya yi ɓawo mai wuyar cirewa. Ta biyun ta fi haɗari: yayin da yake bushewa zafi yake fitarwa. Tsumman da aka jiƙa da shi, idan aka dunƙule aka jefa a kwali ko kwandon shara, yana iya kamawa da wuta shi kaɗai, ba ashana ba komai. Wannan sanannen abu ne a wajen masu kashe gobara. Duk wanda ya yi amfani da shi ya shanya tsumman a baje a waje, ko ya nutsar da shi a ruwa.

Baban Ikram: Subhanallah. Wannan ban taɓa ji ba.

Oga Fenti: Tunda an taru an yi wa wuta taron dangi, to ga wanda ba mai musu da ni a kansa: fenti. Duk shafe-shafen nan naku na wata shida ne ko shekara. A cire bambar, a fesa mata baƙin fentin roba marar sheƙi, an gama magana na shekaru.

Ɗan Direba: Oga ni na taɓa ganin wadda aka fesa, tana ɓarewa kamar fatar maciji.

Oga Fenti: Don an fesa shi kai tsaye ne. Wannan robar fenti ba ya kama ta haka nan, ko gam ma da ƙyar. Dole a wanke maiƙo tas, a ɗan goge da soso mai kaushi, ba samfefa mai ci ba don kada a share ƙurajen, sannan a fesa firaimar roba, wadda aka yi musamman don ta riƙe fenti a jikin PP. Bayan ta sha iska sai fentin, siriri-siriri, hawa biyu ko uku. Kuma ina faɗa muku, babban abokin gabanmu shi ne silikon ɗin man tayan nan. Ko ɗan kaɗan ya rage, fentin zai riƙa gudu yana barin 'yan ramuka zagaye-zagaye. Motar da ta sha man taya shekara goma, wankinta kafin fenti ya fi fentin kansa cin lokaci.

Malamin Kimiyya: A nan kam ni da Oga bakinmu ɗaya. Dubi yadda ruwa ke dunƙulewa a kan bokitin roba ba ya bajewa, haka fenti ke yi a kan PP. Fenti kuma shi kaɗai ne a cikin duk abin da aka lissafa yake tare rana gaba ɗaya daga robar. Aibinsa shi ne ba a komawa baya. Ranar da wani ya goge ka a wurin ajiye motoci, zai kwarzane, kuma gyaransa sai an sake fesawa.

Kawu Bakanike: Yau ga Malam da Oga sun sha hannu, sai a rubuta ranar.

Mai Golf: Na dawo da rahoto. Na leƙa bayan bambar da tocila, na ga an buga wasu haruffa kamar haka: >PP+EPDM<. Na yi wankin da aka ce, kumfar farko kamar ruwan kwata. Abin mamaki, farin da ke bakin layin ƙofofi kusan duk ya fita, ashe folish ne. Bamba kuma ta ƙara yin fari fiye da da, har gabana ya faɗi.

Mai Goge Mota: Kada gabanka ya faɗi Alhaji, alamar wankin ya yi ke nan. Yanzu ne kake ganin ainihin fuskarta ba kwalliya. Jiƙa yatsa ka gwada a saman bambar, inda rana ta fi duka, ba a ƙasa ba.

Mai Golf: Gefe da ƙasa suna baƙi sosai. Saman kuwa, wajen da ke kallon sama a ƙarƙashin fitilu, ko a jiƙe da ɗan sauran toka.

Mai Goge Mota: To mai rini za ka sa wa bambar duka don kalar ta daidaita. Layin ƙofofi da gidan madubi kuma ka gwada a ɗan lungu tukuna. Wasu suna ɗora siramik a kan rinin bayan ya bushe sosai, amma ba kowane biyu ne ke jituwa ba, sai ka karanta abin da masu maganin suka rubuta.

Malamin Kimiyya: Ƙari kan gidan madubi: sau da yawa ba PP ba ne, wani nau'in roba ne da ake kira ABS ko danginsa, ya fi tauri kuma ya fi santsi. Shi fenti yana kama shi da sauƙi, amma asiton, wato ruwan da ake goge jan farce da shi, da tina mai ƙarfi, suna narkar da shi nan take. Kada wani ya ce zai wanke maiƙo da su. Sifirit ya isa.

Oga Fenti: Ni dai har yanzu ina nan kan bakana. A ba ni saman bambar nan minti goma da na'urata.

Hajiya Mai CR-V: Oga, ka zo ka fara gyara tawa tukuna.

Shugaban Zaure: Jama'a a ci gaba da muhawara cikin mutunci, kowa ya kawo hujjarsa. Oga Fenti, tambaya daga gare ni: akwai wurin da kai da kanka ba za ka kai wuta ba?

Oga Fenti: Akwai mana, ranka ya daɗe. Robar gindin gilashin gaba, wadda waifa ke fitowa ta cikinta. Siririya ce, nan da nan take lanƙwashewa, ga gilashi a jikinta, zafi a wuri ɗaya yana iya tsaga shi, balle in da ma yana da ɗan tabon dutse. Haka kusa da fitila, da bakin tankin mai, da duk inda waya ko na'urar jin kusancin mota ke bayan robar. Waɗannan ko ni shafawa nake yi.

Ɗan Direba: To ita ta gindin gilashin, idan za a shafa mata rinin, sai an kwance waifa?

Mai Goge Mota: Idan goron ya yarda ya kwantu, ka cire su, aikin ya fi fita. Amma ka fara sa alamar salatif a gilashi daidai inda kowace waifa take kwanciya, don ka mayar da ita mazauninta. Idan ya ƙi, ɗaga su kawai ka rufe gilashin da takarda. Siramik ko rini ya bushe a kan gilashi, waifa za ta riƙa tsalle tana barin hazo a daidai inda kake kallo, kuma fitar da shi sai da reza.